Kan Keke a Zabi, Ƙafarsa a Sabon Gari

Ni ce na kawo shawarar a raba keken ɗinki gida biyu. Gara in faɗa tun yanzu, domin har yau idan tsofaffin ɗalibaina suka haɗu a gidan biki suna ba da labarin, sai su ce wai ofis ne ya yi. Ba ofis ba ne. Ni ce, da bakina, ranar wata Talata, kuma har tafi aka yi mini.

A shekarun da wayar hannu ta fara shigowa, lokacin da ko'ina ka duba a Samaru za ka ga mutum zaune ƙarƙashin lema yana ba da hayar kira, aka ɗauke ni koyar da ɗinki a wani shiri na yaƙi da talauci. Kowa yaƙi da talauci yake yi a lokacin. Ka kunna rediyo yaƙi ake, ka duba bango an manna takardar yaƙi, shi kuwa talaucin ko gezau. Ɗakin da aka ba mu wani tsohon sito ne a bayan wata makarantar firamare, taga ɗaya, kekunan koyo shida, mata talatin. Ranar buɗewa an faɗa da lasifika cewa wata shida za a yi, duk wadda ta gama a ba ta sabon keke ta tafi gida ta riƙe kanta. Ina wurin, kunnena ƙalau, ban ji an ce "sai dai" ba.

Ajin nan babu irin macen da babu. Akwai 'yan Zabi, akwai matan sojoji daga Basawa, akwai maƙwabtana na Palladan, akwai 'yan Sabon Gari waɗanda iyayensu suka zo daga kudu. Da Hausa ake karatu, da Hausa ake gulma, sai faɗa ya yi zafi a kan wadda za ta hau keke sannan ka ji turancin buroka ya ɓalle. Ni kuma ina tsakiya da tef a wuya, ina fama da ciwon baya da hayaniya.

Mata biyu ne labarin nan ya shafa. Ta farko muna kiranta Maman 'yan biyu. Mahaifinta daga kudu ya zo aikin jirgin ƙasa tun ba a haife ta ba, a Sabon Gari aka yanke mata cibiya, a nan ta yi makaranta, a nan ta yi aure. Sau biyu tak ta taɓa zuwa garin iyayenta. Idan tana ciniki kana bayan labule, ba za ka ce ba Bazazzagiya ba ce. Mijinta makanike ne, ɗan can wajensu, ciwon 'yan kwanaki ya ɗauke shi ya bar ta da 'yan mata biyu masu shekara shida. Da tana soya doya da ƙosai a bakin kasuwa, sai aka gina shaguna a wurin aka tashe su. Yayan mijin, wani ɗan kasuwa a can kudu, ya zo bayan rasuwar ya ce zai tafi da yaran, domin a al'adarsu 'ya'ya na gidan uba ne. Ta roƙe shi, ta ce ta sami gurbin koyon ɗinki kuma za a ba ta keke. Ya ce to, ya ba ta zuwa Kirsimeti. Idan ya dawo ya ga tana da sana'ar da za ta ciyar da su ta biya musu makaranta, ya bar mata su. Idan bai gani ba, ya tafi da su. Duk ajin mun san da wannan wa'adi, domin ba ta ɓoye ba.

Hannu kuwa, tabɗi! Na shekara ashirin ina koyar da ɗinki, masu hannu irin nata da na gani ba su wuce uku ba. A wata na biyu ta iya sa wuyan riga ya kwanta lafiya, abin da wasu telolin da ke da shago har yau suke kokawa da shi. Ba na yabon ɗaliba a gabanta, kada kanta ya kumbura, amma ita sai da na yi.

Ta biyun 'yar Zabi ce, matashiya mai goyo, mijinta lebura ne a gonakin mutane. Ba ta yi boko ba, lambobin jikin tef ma a ajin ta koye su. Sanyin hannu gare ta, ga yawan dariya. Keken koyo ɗaya suke hawa da Maman 'yan biyu, ita ce ma ke warware mata ɗinki idan ya karkace. Sai ka ji tana cewa, "Ke, wannan ɗinki ne ko hanyar Zabi?" Ita kuma ta ƙyalƙyale ta ce, "Yaya, ai ko hanyar Zabi tana kai mutum gida." Kwano ɗaya suke cin abincin rana. Idan goyon ya dame ta, Maman 'yan biyu ce ke karɓa ta saɓa a kafaɗa.

A wata na biyar jami'in shirin ya zo da fom. Saurayi ne mai ladabi, kullum da fayil a hammata. Ya ce kekuna sun iso, amma za a ba wadda ke da takardar shaidar 'yar ƙasa ce kawai, wadda muke kira indijin. Kusan rabin ajin ba su da ita, kuma ba za su samu ba ko za su kwana a bakin ofis. An haife su a nan, amma kakanninsu ba a nan aka haife su ba, magana ta ƙare.

Na bi shi waje raina a ɓace. Na ce, "Haba ɗan nan! Wata biyar mace tana baro gidanta, yau ka ce mata ba 'yar gari ba ce? Ranar da kuka cika rumfa da su don hoto ba ku tambayi takarda ba."

Bai ɗaga murya ba. Ya ce, "Malama, ki shiga kasuwar Sabon Gari ki zagaya. Shagunan kayan mota na su waye? Na magani na su waye? Ki dubi masu tura baro a ƙofar shagunan, su waye? Ƙannena biyu suna cikinsu. Waɗancan sun riga mu boko, sun riga mu jari. Wannan ɗan abin da aka ware don namu su ɗago, shi ma a raba da su?"

Ban iya ce masa ƙarya yake yi ba, domin idona ya ga abin da yake faɗa. Na san gidajen Zabi, na san matan da ba su taɓa riƙe abin kansu ba. Amma matar da ke cikin ajina ba ta da shago, ba ta da ɗan'uwa mai shago a garin nan, ɗaki ɗaya gare ta a gidan haya. Na faɗa masa haka. Ya ce ta je jiharsu ta karɓa. Jiharsu! Can ɗin ai Bahaushiya suke kiranta. Ni kaina, da kakana yake kwance a ƙasar Zazzau, idan na miƙa takardata aka ga sunana na Kirista a jiki sai an juya ta gaba da baya kafin a yarda. Na gaji da wannan abu tun ina budurwa, ga shi na tsufa ina jinsa.

Ranar Talatar da na faɗa aka kira taron kwamiti. Su abin da ya dame su daban ne. A wasu wuraren da aka yi rabon, dillalai suna tsaye a bakin ƙofa, mace ta fito da keke a kwali su saye nan take, ta koma gida da kuɗin cefane, shiri ya tashi a banza. Ana ta neman dabarar da za ta hana sayarwa. Sai wani tunani ya faɗo mini.

Keken ɗinki irin na ƙafa abu biyu ne. Akwai kai, inda allura da zare suke, akwai ƙafa, wato teburin da ƙarfen da ake takawa. A rarrabe suke zuwa, sai an ɗaura. Na ce to, a haɗa matan biyu-biyu, mai takarda da marar takarda. Wannan ta riƙe kai, wannan ta riƙe ƙafa. Babu wadda za ta iya sayarwa ita kaɗai, babu wadda za ta iya ɗinki ita kaɗai, dole su haɗu su yi aiki tare. Ga hana dillalai, ga haɗin kan ƙabilu, ga kowa ta samu. Shugaban kwamitin ya miƙe ya tafa, sauran suka bi. Jami'in nan ya ce ya yarda, da sharaɗi ɗaya: lambar keke a jikin kai take, don haka kai na mai suna a takarda ne. Na ce ba komai. Allah ya sani ban ga komai a ciki ba, daɗin tafin ya rufe mini ido.

An yi bikin yaye su da damina, ƙarƙashin rumfa, da matar wani babba da masu hoto. Aka ɗaura kekunan reras aka yi hoto, baƙi suna tafiya aka kwance su a bayan rumfar. Na haɗa Maman 'yan biyu da 'yar Zabi, domin ko ban haɗa su ba za su haɗa kansu. Maman 'yan biyu har rawa ta taka da aka ɗora ƙafar keken a saman bas. Ta riƙe hannuna ta ce, "Malama, Allah ya saka miki. Kin rufa mini asiri." Na ji daɗi ƙwarai, ba zan ɓoye ba.

Su biyun suka tsara abinsu. Masu kawo ɗinki a Sabon Gari suke, don haka aka ɗaura keken a barandar Maman 'yan biyu, 'yar Zabi tana zuwa sau biyu ko uku a mako da goyonta. Wata biyu abin yana tafiya kamar da gaske. Na kai musu ziyara na tarar da yadi ko'ina, 'yan biyun suna tsintar ƙyallaye a ƙasa. Wata ƙaramar makaranta a layinsu ta ba ta ɗinkin yunifom, matan cocinsu kuma suka kawo atamfar ankon Kirsimeti. Na koma gida ina ji da kaina.

Sai masu duba shiri suka fito zagaye. Da takarda suke aiki, takarda kuwa ta ce keken yana Zabi. Suka je gidan, babu keke. Yarinyar ta yi musu bayani, suka ce su ba su san da wani haɗin biyu-biyu ba, ba ya cikin abin da aka rubuta musu. Suka kira mijin gaban mai unguwa, suka ce matarsa ta sayar da kayan da aka ba ta, idan suka dawo ba su gani ba za a cire sunan gidan daga duk wani tallafi, har na takin zamani. Ba su faɗi ranar dawowa ba. Talaka lebura, an tsayar da shi gaban dattawan garinsu ana kiransa mai cin amana. Washegari 'yar Zabi ta zo Sabon Gari tana kuka, ta kwance kan keken, ta naɗe shi a zani ta ɗora a ka. Ta ce, "Yaya, ki yafe mini. Da sun zo sun gani zan dawo da shi." Maman 'yan biyu da kanta ta taya ta ɗauka zuwa bakin titi.

Masu dubawa ba su dawo ba. Har yau ba su dawo ba. Amma wa zai sani a lokacin? Mijin ya ce kan keken ba zai sake kwana a waje ba.

Ana haka wani mai gyaran keke, irin masu yawo ƙauye-ƙauye, ya bi ta Zabi ya ga kai a ajiye ba ƙafa. Ya ce ai wannan ba matsala ba ce. Ya ɗaura masa hannu, ɗan ƙarfen nan da ake juyawa, ya kafa shi a kan katako. Shi ke nan, keken ƙafa ya zama keken hannu. 'Yar Zabi ta zauna a tabarma ta fara yi wa maƙwabta faci da ɗinkin yara, karo na farko a rayuwarta da wani ya miƙo mata abin aikin hannunta.

Ranar da na ji wannan labari na gane abin da na yi. Ni fa a kan keken hannu na koyi ɗinki. Na san kai yana aiki ba ƙafa, na san ƙafa ba kai teburi ce kawai. Kowane tela a Zariya ya san haka. Ban raba komai daidai ba, na ba masu takarda keke, na ba marasa takarda teburi, na kuma sa suka yi mini godiya. Kafin wata ya zagayo, yawancin sauran da na haɗa haka tasu ta ƙare.

Maman 'yan biyu ba ta zauna ba. Ta gwada zuwa Zabi da yadin mutane a jaka, ta yi sau uku. Bas, sannan acaba, ta isa rana ta take, ta tarar ita ma mai gidan tana da nata ɗinkin, ga keken hannu ba ya sauri, ga 'yan biyu sun taso makaranta ba kowa a gida. Abin da ta samu hanya ta cinye. Ta bi shagunan teloli tana roƙon a ba ta keke ko na awa biyu ne. A shekarar Babbar Sallah da Kirsimeti kusa da juna suka zo, babu telan da kekensa ke hutawa.

Ni kuma na shiga zirga-zirga. Na je ofis, aka ce jami'in nan an yi masa canjin wurin aiki. Wanda ya gaje shi ya ce shi bai san zancen ba, in rubuto. Na rubuta. Aka ce in kawo shaidar taron kwamiti, na je wurin shugaban kwamitin da ya miƙe ya tafa mini, ya ce ai magana ce ta fatar baki, ba a rubuta ba. Na san benci na ofishin nan kamar kujerar ɗakina. Na san masinjan, na san lokacin da yake fita sallah. Takarda ɗaya nake nema, wadda za ta ce an yarda keke ya kwana a Sabon Gari. Daga ƙarshe wata mata a ofishin ta ji tausayina ta ce, "Mama, ki daina wahalar da kanki. An rufe wannan zangon, yanzu na injin markaɗe ake yi."

Na je Zabi da niyyar yi wa yarinyar faɗa. Na shirya maganata tun a mota. Na tarar da ita a tsakar gida tana juya keken, goyon yana barci a gefe, ga wata tsohuwa zaune tana jiran a yi wa zaninta faci. Ta tashi da sauri ta shimfiɗa mini tabarma, ta durƙusa har ƙasa. Na dubi ɗakin, rufin ya yi yoyo har bango ya zaizaye. Mijin ya zo ya tsuguna daga nesa ya gaishe ni, ya ce, "Malama, ni ba mugu ba ne. A kawo mini takarda daga ofis, yau ɗin nan in ɗauka da kaina in kai." Na fasa faɗan da na shirya. Na sha ruwa na tashi.

Makarantar nan ta aiko aka karɓe yadin yunifom. Matan coci suka zo ɗaya bayan ɗaya, kowa da 'yar kunyarta, suka ɗauke atamfofinsu. Da na je, ƙafar keken tana nan a baranda, an ɗora mata bokitin ruwa. Maman 'yan biyu ta koma wankau a gidajen mutane, hannun nan da ke kwantar da wuyan riga duk ya tsattsage. Ba ta taɓa yi mini maganar banza ba. Kullum sai dai ta ce, "Malama, yaya ofis?" Ni kuma in ce ana nan ana ƙoƙari.

Yayan mijin ya zo saura mako guda Kirsimeti. Na je na same shi don in roƙa. Dattijo ne mai furfura, ba shi da hayaniya, ya ba ni kujera ya tsaya. Da 'yar Hausarsa da buroka muka fahimci juna. Na ce a ƙara mata wata uku. Ya ce, "Madam, na yi alkawari na cika. Ki dubi yaran." Na duba. Sun rame, kuma tun watan jiya aka koro su daga makaranta. Ya ce matarsa za ta riƙe su tare da nata, za su yi karatu, uwar kuma duk ranar da ta tsaya da ƙafarta a sake magana. Ya ce ita ma ta biyo su idan tana so. Ta ce ta je ta yi me, a garin da ba ta san kowa ba, a ɗakin wa? Dattijon dai ba ƙarya a maganarsa.

Da la'asar muka raka su tashar manyan motocin kudu. Yaran suna sanye da riguna iri ɗaya, uwar ta ɗinka su da allurar hannu daga ragowar ƙyallaye, kuma wallahi ko a shago ba za a raina su ba. Murna suke yi za su shiga babbar mota. Ta gyara musu ɗankwali, ta ce su yi wa yayan babansu biyayya. Ba ta yi kuka ba sai da motar ta fita daga tasha. Ta zauna a kan wani dutse ta ce, "Malama, ba sa jin yaren can. Hausa kawai suke ji. Idan ɗaya ta ce cikinta yana ciwo, wa zai gane?" Na zauna kusa da ita, ni ma na yi kukan.

Bayan sabuwar shekara, wata Asabar da hantsi, aka yi sallama a gidana a Palladan. 'Yar Zabi ce, goyo a baya, kan keken naɗe a zani a kanta. Ta sauke shi a ƙofar falo tana haki. Ta ce Sallah ta wuce, aiki ya yi sauƙi, ta yi ta roƙon mijinta har ya yarda ta kai wa yayarta ta yi wata guda da shi. Kunya ce ta hana ta zuwa ita kaɗai, tana so in raka ta.

Na ce ta zauna. Na gaya mata an tafi da yaran.

Ta ɗora hannu a ka ta yi salati. Ta yi kuka sosai, har goyon ya farka ya taya ta. Da ta ɗan lafa ta share ido da gefen mayafi ta ce, "Malama, ni wallahi na ɗauka kin ara mata naki. Shi ya sa hankalina ya kwanta." Ta juya ta dubi kusurwar falon. "Ko wancan ba keke ba ne?"

Keke ne. An rufe shi da farin ƙyalle mai ado, an ɗora masa tulun fure na roba da hoton aurena, amma wadda ta yi wata shida a ajin ɗinki ba za ta kasa gane shi ba. Na mahaifiyata ne, kai da ƙafa, lafiyarsa ƙalau. Shekara uku ban taka shi ba saboda bayana. Ban ambace shi a labarin nan ba sai yanzu, domin a watannin nan ma haka na yi, ban ambace shi ba ko ga kaina. Ba mantawa na yi ba, kada in yi wa Allah ƙarya. Sau biyu tunanin ya zo mini, ɗaya a kan bencin ofis, ɗaya a motar dawowa daga Zabi. Na ce a raina gidan haya ne, baranda ce, ruwa zai taɓa shi, yara za su lalata shi, abin da ya rage mini na mahaifiyata ke nan. Na kuma ce ai haƙƙinta muke nema, ba alfarma ba, ofis ne ya ɓata, ofis ne zai gyara. Wannan ta biyun ta fi yi mini daɗi, ita na riƙe. Na yi faɗa da jami'i a kan ya ware nasa da ba nasa ba, ni kuma na rufe nawa da ƙyalle.

Na juya wajen yarinyar. Na ce ta mayar da nata Zabi kafin mijinta ya shiga damuwa.

Washegari bayan an taso coci na sa aka ɗora keken a bayan a-kori-kura, na shiga gaba muka nufi Sabon Gari. Na tarar da Maman 'yan biyu tana shanya wankin mutane. Aka sauke shi a ƙofar gida, na cire ƙyallen. Ta goge hannu a zani, ta zo ta taɓa shi, ta juya shi a hankali ta saurari ƙararsa.

Ta ce, "Malama, yaushe kika saye shi?"

Na ce ba saya na yi ba, na mahaifiyata ne, yana ɗakina tun kafin a haifi 'yan biyu.

Ta dube ni. Ta ce, "To." Ta matsa gefe don masu ɗauka su wuce.